Zango ɗaya a jami'ar ƙasar waje: shin ya cancanci a tafi idan za a dawo a maimaita?

Rabi'atu

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar musayar ɗalibai tsakanin jami'o'i. Ina shekara ta biyu a digirin farko, ina karanta kimiyyar ƙananan halittu, kuma jami'armu ta fitar da sanarwa cewa an ware 'yan gurabe ga ɗaliban da za su je wata jami'a a Turai su yi zango ɗaya, sannan su dawo su ci gaba daga inda suka tsaya. Makina ya kai abin da ake nema, shugaban sashenmu ma ya ce in nema. Abin da ya hana ni sakat shi ne labarin da nake ji cewa wasu sun je sun dawo, sai sashensu ya ƙi lissafa musu kwasa-kwasan da suka yi a can, aka sa su maimaita, har karatun shekara huɗu ya koma biyar. Me yake jawo haka, kuma akwai hanyar da ɗalibi zai kauce masa tun kafin ya tashi? Idan kuma babu, shin tafiyar ta kai a yi asarar shekara guda dominta?

Dakta Mansur

Wa alaikumus salam, Rabi'atu. Kafin mu shiga maganar maimaitawa, ki fara tabbatar da irin tsarin da za ki shiga, domin akwai iri biyu da mutane suke haɗawa wuri guda alhali hukuncinsu ya sha bamban. Ɗalibin musaya yana tafiya ne a ƙarƙashin yarjejeniyar da jami'o'i biyu suka riga suka sa wa hannu. Sunansa yana nan a rajistar jami'arsa ta asali, a nan yake biyan kuɗin makaranta kamar yadda ya saba, jami'ar da ta karɓe shi ba ta karɓar kuɗin karatu a hannunsa, kuma digirin da zai samu a ƙarshe na jami'arsa ta asali ne. Baƙon ɗalibi kuwa shi ne wanda ya nemi wata jami'a da kansa ta ba shi damar zama na zango ɗaya ko biyu, ba tare da wata yarjejeniya ta haɗa ta da jami'arsa ba. Irin wannan galibi shi zai biya kuɗin karatu a can, kuma idan ya dawo babu wani nauyi a wuyan jami'arsa na karɓar abin da ya yi, sai dai in ta ga dama.

Tunda sanarwar daga jami'arku ta fito, alamu sun nuna musaya ce. To amma yarjejeniyar da shugabannin jami'o'i suke sa wa hannu ba ta maganar kwas ɗinki na shekara ta uku. Maganar adadin ɗalibai take yi, da tsawon zamansu, da abin da kowane ɓangare zai ɗauki nauyinsa. Abin da zai kare ki takarda ce ta daban, wadda a tsarin Erasmus, wato shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai, ake kira yarjejeniyar karatu. A cikinta ake jera kwasa-kwasan da za ki ɗauka a can, a jera na jami'arki da waɗannan za su maye gurbinsu, sannan mutum uku su sa hannu: ke, da wakilin jami'arki, da wakilin jami'ar da za ta karɓe ki. Na zauna a kwamitin jarrabawa na sashe, kuma kusan duk rikicin irin wannan da ya zo gabanmu, idan aka bi diddigi sai a tarar ko dai ba a rubuta takardar ba sam, ko kuma wanda ya sa mata hannu ba shi ne yake da ikon amincewa da sakamako ba.

Malam Nasiru

Dakta, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya fito da abin fili. Sai dai ni ina ganin tambayar Rabi'atu ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma amsata a kanta ita ce a'a. Zango ɗaya bai wuce wata huɗu zuwa biyar ba. Watan farko zai tafi wajen neman masauki da rajista da sanin hanyar aji, na ƙarshe kuma jarrabawa ce. Ɗan abin da ya rage a tsakiya shi ne za a ce saboda shi yarinya ta jefa digirinta cikin haɗari? Shekara ta uku a fannin kimiyya ita ce ƙashin bayan karatun, a nan ake yin kwasa-kwasan da na shekarar ƙarshe suka dogara a kansu. Ni da ƙanwata ce, ce mata zan yi ta zauna ta fita da sakamako mai kyau, sannan ta nemi tallafin digiri na biyu, ta je ta yi shekara ɗaya ko biyu cikakku ta dawo da shaida a hannu. Ɗalibin musaya fa ba ya dawowa da digirin kowa, takardar sakamako kawai yake riƙowa.

Abdulhamid

Malam Nasiru, da girmamawa, ban yarda da yadda ka auna abin ba. Na yi zangon hunturu a wata jami'a a Jamus ina shekara ta uku a fannin kimiyyar sinadarai, kuma abin da na samu ba da yawan watanni ake lissafa shi ba. A ranar farko ta ɗakin gwaje-gwaje, mai kula da mu ta miƙo mini makullin kabad ɗin kayan aikina da takardar da zan sa hannu cewa na karanta dokokin kariya, ta nuna mini na'urar da zan yi awo da ita, ta koma teburinta ta bar ni da aikin. Da na kai mata sakamakon, ba ta ce daidai ne ko kuskure ne ba. Tambayata ta yi sau nawa na maimaita awon, kuma me ya sa lambobin suka bambanta da juna. Tun daga ranar ban ƙara rubuta lamba a littafin gwaji ba tare da na tambayi kaina yadda na amince da ita ba. Ɗaya daga cikin jarrabawoyina kuma ta baki ce: farfesa na zaune tare da wani mai rubuta abin da aka faɗa, ni kaɗai a gabansu, duk amsar da na bayar sai a ɗora wata tambaya a kanta har a kai inda sanina ya ƙare. Wanda ya bi ta nan tun a digirin farko, idan ya tashi neman digiri na biyun da kake magana, yana da malamin da ya ga aikinsa ido da ido da zai rubuta masa takardar shaida, kuma ya riga ya san abin da zai tarar.

Amma akwai abu biyu da nake so ƙanwata Rabi'atu ta sani. Na farko kalanda. A yawancin jami'o'in Jamus, lakcar zangon hunturu tana farawa ne a tsakiyar Oktoba ta ƙare a Fabrairu, jarrabawa kuma takan shiga har cikin Maris, sannan zangon bazara ya fara a Afrilu. A Amurka zangon farko daga ƙarshen Agusta ne zuwa Disamba, a Japan kuwa shekarar karatu a Afrilu take farawa. Idan jami'arki ta buɗe zango na biyu alhali kina can kina jarrabawa, kin rasa makonnin farko na kwasa-kwasanki, kuma ta wannan ƙofar ma ana ƙara shekara ko da an karɓi duk abin da kika yi a waje. Na biyu, jerin kwasa-kwasan da za ki gani a shafin jami'ar kafin ki tafi ba lallai ba ne ki tarar da shi haka. Za ki iya isa ki ga an ɗage wani kwas zuwa zango mai zuwa, ko gurabensa sun cika, ko lokacinsa ya ci karo da wani. Tsarin Erasmus ya ba da damar gyara yarjejeniyar karatu a cikin mako biyar na farkon zango, amma gyaran ma sai ɓangarorin uku sun amince. Wanda ya sauya kwas da kansa bai sanar da sashensa ba, shi ne yake dawowa da sakamakon da babu gurbin sa shi.

Malama Hadiza

Ina aiki a ofishin hulɗa da jami'o'in waje na wata jami'a, kuma abin da Abdulhamid ya faɗa game da sauya kwas gaskiya ne. Bari in ƙara maganar lissafi, domin a nan ne sassa da yawa suke rikicewa. Jami'o'in Turai suna amfani da ma'aunin da ake kira ECTS. A wannan ma'auni cikakkiyar shekarar karatu kiredit 60 ce, zango ɗaya 30, kuma kowane kiredit yana wakiltar awa 25 zuwa 30 na aikin ɗalibi gaba ɗaya, wato har da karatun da yake yi shi kaɗai da rubuta rahoto da shirin jarrabawa. Tsarin Amurka, da na jami'o'in da suka kwaikwaye shi, ya fi karkata ga ƙirga awannin da ake zama a aji a mako, shi ya sa ɗalibin digirin farko a can yake zama cikakken ɗalibi da kiredit 12 a zango, yawanci kuma yakan ɗauki 15. Idan malamin da bai san wannan ba ya ga kwas mai kiredit 6 daga Turai, ya ga nasa mai 3, sai ya ɗauka ɗaya ya ninka ɗaya, alhali mai yiwuwa nauyinsu ɗaya ne.

Maki ma haka yake. A Jamus 1.0 shi ne mafi kyau, 4.0 shi ne ƙarshen ci, 5.0 faɗuwa ce. A Faransa bisa 20 ake ba da maki, 10 ta isa a ce an ci, kuma wanda ya samu 16 ya yi fice ƙwarai. A Italiya daga 18 zuwa 30 ne ake cin jarrabawa. Ɗalibar da ta dawo da 14 bisa 20 daga Faransa ta yi ƙoƙari sosai, amma wanda ya dawo da 1.3 daga Jamus, idan aka shigar masa da lambar yadda take cikin tsarin da 5 ce mafi girma, an mayar da zakara na ƙarshen aji. Saboda haka, Rabi'atu, ki nemi a rubuta miki tun yanzu yadda za a juya makin, ki kuma tambaya ko zai shiga cikin matsakaicin makinki na digiri ko kuwa za a rubuta an ci kawai. Jami'o'i sun bambanta a kan wannan, kuma bambancin yana iya shafar matakin digirin da za ki fita da shi.

Hajiya Binta

Malamai, ni uwa ce, 'yata ta yi irin wannan tafiyar, saboda haka zan yi magana ta ɓangaren da iyaye suke gani. Ana cewa ba a biyan kuɗin makaranta kuma akwai tallafi, sai mutum ya ɗauka ba zai kashe komai ba. Ba haka abin yake ba. Kuɗin fasfo da biza da inshorar lafiya da kafin alƙalamin ɗaki, duka sai da muka biya kafin kason farko na tallafin ya shigo hannunta, kuma wani kaso an riƙe shi sai da ta gama ta cika rahoton ƙarshe. Duk wanda zai tura ɗansa ya tambaya a fili: nawa ne tallafin, yaushe za a biya, kashi nawa za a raba shi.

Abin da ya fi kuɗin damuna kuwa shi ne kaɗaici. Ta isa a farkon sanyi, rana tana faɗuwa tun kafin a tashi daga lakcar yamma, ɗaliban ajin kuma sun riga sun san juna tun shekara ta farko, kowa da abokansa. Idan muka yi waya sai ta ce lafiya lau, amma muryar ba tata ba ce. Abin da ya cece ta shi ne wani kwas da aka raba su rukuni-rukuni, dole ta zauna da mutum uku kowane mako su yi aiki tare, daga nan ta fara sakewa. Rabi'atu, 'yata, ki tambaya ko jami'ar tana haɗa baƙi da wani tsohon ɗalibi da zai tarbe su, kuma kada ki bari makon gabatarwa na sababbin zuwa ya wuce ki ko da tikitin ranar ya fi tsada.

Dakta Mansur

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ɓangaren mu malamai mukan manta da shi. Ina so in koma kan maganar Malam Nasiru, domin matsalar da yake tsoro tsohuwa ce, kuma ita ce ma ta haifi tsarin da muke magana a kai. Wata 'yar Italiya mai suna Sofia Corradi ta samu tallafin karatu na gwamnatin Amurka mai suna Fulbright ta je Jami'ar Kolombiya da ke Niyok ta yi karatun shari'a, da ta koma Rum a 1958 jami'arta ta ƙi amincewa da karatun, aka ce ta zauna ta cika jarrabawoyin da suka rage mata a gida. Ta shafe shekaru tana fafutuka a tsakanin shugabannin jami'o'i cewa a riƙa karɓar karatun da ɗalibi ya yi a waje. A 1987 aka kafa shirin Erasmus, kuma a shekarar farko ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11 suka tafi. Bayan shekara biyu, a 1989, aka fara gwajin ma'aunin ECTS da Malama Hadiza ta bayyana, saboda an ga cewa tura ɗalibi ba shi da amfani idan babu ma'aunin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi.

Akwai kuma wata ƙa'ida da nake so 'yan uwana malamai su riƙe. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997, wadda ƙungiyar ƙasashen Turai da ake kira Council of Europe da hukumar UNESCO suka tsara, ta ce a amince da karatun da aka yi a waje sai fa idan an nuna akwai bambanci mai girma tsakaninsa da wanda zai maye gurbinsa, kuma nauyin nuna bambancin yana kan hukumar da take son ƙin amincewa, ba kan ɗalibi ba. UNESCO ta faɗaɗa irin wannan ƙa'ida zuwa duniya baki ɗaya a yarjejeniyar da aka zartar a 2019, wadda ta fara aiki a 2023. Abin da yake ba ni takaici shi ne malamin da zai ɗauki manhajar waje ya ɗora ta a kan tasa layi bayan layi, da ya ga babi ɗaya ya ɓace sai ya ce ba daidai suke ba. Babu jami'o'i biyu a duniya da suke koyar da kwas iri ɗaya sak, kuma da haka suke da babu dalilin tura kowa ko'ina. Tambayar da ta dace ita ce, bayan wannan kwas, ɗaliba za ta iya abin da muke so ta iya kafin ta shiga na gaba? Sai dai ina gaya miki gaskiya, Rabi'atu, waɗannan yarjejeniyoyi ƙasashen da suka rattaba musu hannu suke ɗaurewa, kuma ba za ki shiga taron sashe da su a hannu ki ci nasara ba. Abin da zai yi miki aiki shi ne amincewar kwamitin sashe a rubuce, da kwanan wata, kafin ki sayi tikiti.

Sagir

Malamai, ku yi haƙuri in tsoma baki, tambayata tana da alaƙa da wannan. Idan mutum ya je musaya ya ga wurin ya yi masa, zai iya zama ya ƙarasa digirinsa a can, ko ya samu aiki ya ci gaba da zama?

Malama Hadiza

Malam Sagir, gara da ka yi tambayar a fili, domin da yawa suna ƙudurta ta a zuci. Izinin zaman da ake ba ɗalibin musaya a ɗaure yake da shirin da ya kawo shi, kuma yana da ranar ƙarewa. A Amurka yawancin 'yan musaya da bizar J-1 suke shiga, bisa takardar DS-2019 da mai ɗaukar nauyin shirin yake bayarwa, kuma wasu daga cikin masu wannan biza, musamman waɗanda gwamnati ta biya musu, doka ta ɗora musu komawa ƙasarsu su yi shekara biyu kafin su iya samun wasu nau'o'in bizar aiki ko ta zama. A Birtaniya ana iya yin karatun da bai wuce wata shida ba da izinin baƙo, amma wannan izini bai ba da damar yin aiki ba. A ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizar gajeren zama kwana 90 ce a cikin 180, ba za ta ishi zango guda ba, sai an nemi bizar dogon zama ta ƙasar da za a je. Wanda yake son ƙarasa digiri a can, sai ya nemi gurbi a matsayin cikakken ɗalibi kamar kowa, ya cika sharuɗɗa, ya biya abin da ake biya.

Wanda kuma ya ƙi dawowa ya ɓace, ba kansa kaɗai ya cuta ba. Jami'ar da ta karɓe shi sai ta amsa tambayoyi a gaban hukumar shige da fice, kuma lokacin sabunta yarjejeniya idan ya zo, za ta tuna. Ƙannensa da suke shekara ta farko suna jiran zuwan lokacinsu, su ne za su tarar an rufe ƙofar. Na ga yarjejeniyar da aka sha wahala kafin a ƙulla ta, ta mutu a kan haka, kuma babu wanda ya rubuto ya faɗi dalili, kawai ba a ƙara amsa wasiƙa ba.

Malam Nasiru

Na ji bayanan Dakta da Abdulhamid, kuma na yarda cewa idan an rubuta komai an sa hannu, haɗarin ya ragu sosai. Amma ban janye gaba ɗaya ba. Maganar Hajiya ta nuna cewa sai mai abin hannu ne zai iya tsallake watan farko, wanda ke nufin ɗalibi mai ƙwazo da iyayensa ba su da hali zai ga sanarwar ya wuce. Sannan akwai fannonin da hukumomin sana'a suke sa wa ido, kamar likitanci da shari'a da haɗa magunguna, inda sashe ba shi da cikakken ikon musanya kwas ko da yana so. Na uku kuma, kalmar musaya tana nufin a bayar a karɓa. Idan jami'a tana tura ɗalibai kullum babu mai zuwa mata, har yaushe ɗaya ɓangaren zai ci gaba da koyar da 'ya'yan wasu kyauta?

Malama Hadiza

Malam Nasiru, tambayarka ta ƙarshe ita ce take hana mu barci a ofis. Asalin tsarin shi ne kujerar da ɗalibinka ya bari wani ya zo ya zauna a kanta, shi ya sa ba a biyan kuɗi, kuma jami'o'i da yawa suna ƙirga masu shiga da masu fita a tsawon wasu shekaru, idan ma'aunin ya karkata da yawa sai su rage gurabe. Abin da ya sassauta lamarin shi ne tun daga 2015 shirin Erasmus+, wato sabon salon Erasmus, ya buɗe wani ɓangare na musaya da ƙasashen da ba na Turai ba, inda jami'ar Turai ce take neman kuɗin a madadin ɓangarorin biyu, kuma tallafin ya haɗa da gudummawar kuɗin tafiya da na zaman kowane wata. Gwamnatin Amurka ma ta taɓa kafa shirin Global UGRAD na zango ɗaya ga ɗaliban digirin farko. Amma duk wannan bai ɗauke wa jami'a nauyin gyara gidanta ba. Baƙo ba zai zo ba idan babu kalandar da zai dogara da ita, da manhajar da zai karanta a intanet kafin ya taso, da tabbacin cewa takardar sakamakonsa za ta fito a kan lokaci. Game da marasa hali kuma, na yarda da kai, kuma ina ganin jami'ar da take son a yi adalci ya kamata ta ware asusun da zai ranta wa ɗalibi kuɗin farko a cire idan tallafi ya shigo.

Rabi'atu

Na gode ƙwarai, malamai da iyaye. Na sauko da manhajar jami'ar na kwatanta da tamu. Daga cikin kwasa-kwasan da zan yi a zangon farko na shekara ta uku, yawancinsu suna da makamanta a can, amma biyu na tilas babu su a wannan zangon, sai a na bazara. Sannan ɗaya daga cikin waɗanda na zaɓa an rubuta cewa da harshen ƙasar ake koyar da shi. Dakta, yaya kake ganin zan yi?

Dakta Mansur

Maganar harshe ki yanke ta nan take. Jami'o'in Turai suna auna iya harshe da matakai shida, daga A1 zuwa C2, kuma yawanci B1 ko B2 suke nema ga wanda zai bi lakca. Idan ba ki kai nan ba a harshen ƙasar, ki bar wannan kwas ki nemi wani da ake yi da Turanci, domin iya gaisuwa da tambayar hanya daban, rubuta jarrabawar kimiyya daban. Ki ɗauki darasin harshen a gefe idan suna bayarwa, zai sauƙaƙa miki zama.

Kwasa-kwasan nan biyu kuwa, abin da za ki fara dubawa shi ne ko akwai wani kwas na gaba da ba a yarda a yi rajistarsa sai an ci su. Idan babu, za ki iya neman sashe ya yarda ki ɗauke su a zangon farko na shekara ta huɗu, muddin jimillar kiredit ɗinki ba ta haura iyakar da dokar jami'a ta gindaya ba. Idan kuwa akwai wanda ya dogara a kansu, to ki tambayi ofishin su Malama Hadiza na jami'arku ko za a iya mayar da tafiyar zangon bazara. In duk biyun suka gagara, a nan zan tsaya tare da Malam Nasiru in ce kada ki tafi a wannan karon. Ki ɗauki manhajar kowane kwas ki kai wa malamin da yake koyar da makamancinsa, ya duba ya rubuta ra'ayinsa, sannan ki haɗa su ki miƙa wa shugaban sashe ya gabatar a taro. Kada ki tsaya a kan cewa ya ce ki nema. Shugabancin sashe wa'adi ne da shi, kuma mai yiwuwa wanda za ki tarar a kujerar idan kin dawo ba shi ne ya yi miki alkawari ba.

Abdulhamid

Abu ɗaya zan ƙara a kan na Dakta. Takardar sakamako ba ta biyo mutum a jirgi. A tsarin Erasmus ana sa ran jami'ar da ta karɓi ɗalibi ta fitar da ita cikin kamar mako biyar bayan an kammala jarrabawa da duba ta, wanda ke nufin za ki iya dawowa ki tarar lokacin rajistar zango na gaba ya yi alhali babu abin da za ki nuna. Ki sa a cikin takardar da sashe zai amince da ita cewa za a bar ki ki yi rajista na wucin gadi har sakamakon ya iso. Ki kuma tambaya tun yanzu abin da zai faru idan kika faɗi kwas ɗaya a can, domin wasu jami'o'in suna ba da damar sake jarrabawa ne a watan da kin riga kin bar ƙasar, kuma ba kowacce ce take yarda a aiko da tambayoyin ki rubuta a jami'arki a gaban mai sa ido ba.